Pils, Maibock ko sabuwar laga mai ƙarfi: wacce za ka ɗauka in ka tsaya gaban kanta a Jamus?

Bari in fara da wannan tukun, ni Kirista ne, a Jos na tashi, kuma na sani sarai yawancin masu karanta Hausa addininsu ya hana su giya, toh wannan rubutun ba kira ba ne ga kowa ya fara sha. Na yi shi ne don 'yan uwanmu waɗanda dama suna sha, suka zo Jamus karatu ko aiki, suka shiga shagon abin sha suka tarar da kwalabe jere kaman ba za su ƙare ba kuma ba wanda zai musu bayani da yaren da suke ji. Akwai ɗan bayani can ƙasa kan wadda ake rubuta wa alkoholfrei, wannan kam ya shafi kowa har wanda bai taɓa kai giya bakinsa ba.

Abin da ya jawo maganar, ɗan yayata ne da ya zo karatu ya kira ni daga cikin shago wata Asabar a watan Afrilu, ya ce Kawu ga wata kwalba ƙarama mai kyan takarda an rubuta laga a jiki amma kuɗinta ya ninka na sauran, in ɗauka? Na ce karanta min lambar da ke gefe, ya ce 7.5, wato kashi 7.5 cikin ɗari na barasa. Na ce toh ɗauko ta, ka haɗo da Jever guda, da Einbecker Mai-Ur-Bock guda, ka taho gida mu zauna, don shi a tunaninsa duk abin da aka kira laga to Star ce ko Gulder aka canja wa riga.

Dukansu ukun laga ne, wannan gaskiya ne. Kalmar daga Jamusanci take, lagern, wato ajiyewa. Ana tsima ta ne cikin sanyi, wajen digiri 8 zuwa 12, da irin yis ɗin da ke kwanciya a ƙasan tanki, sannan a bar ta makonni a sanyin da ya kusa daskarewa har ta kwanta ta yi tas. Shi ya sa laga ba ta ɓoye laifi, ba ta da wannan ƙamshin ayaba ko kanumfari da yis ɗin giyar alkama ke bayarwa wanda zai rufa wa mai dafawa asiri in ya yi sakaci. Abu biyu ne kawai ke magana a cikinta, tsiro da hop. Tsiro kam mun san shi, duk wanda ya ga ana shanya tsiron dawa na burkutu ko na kunun zaƙi ya san abin, bambancin kawai nan na sha'ir ne. A Najeriya tun 1988 da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir kamfanoni suka koma dawa da masara, kuma ko bayan an ɗage dokar dawa ba ta fita gaba ɗaya ba, wannan na cikin abin da ya sa bakinmu ya saba da laga mara nauyi mai ɗan zaƙi-zaƙi wadda ɗacinta bai kai ya kawo ba.

Shi hop ɗin ne baƙo a wajenmu, kuma a kansa rigimar take gaba ɗaya. Na taɓa yin aikin girbinsa kaka guda a Hallertau, kusa da Wolnzach, arewa da Munik, yankin da ya fi ko'ina a duniya faɗin gonakin hop a haɗe. Mai yaɗo ne, yana hawa waya sama wajen mita bakwai, ƙarshen Agusta zuwa Satumba ake yanko shi. Jikinsa ƙaiƙayi gare shi, in ba ka sa riga mai dogon hannu ba zuwa yamma damtsenka duk ya yi ja da karce. Abin da ake nema shi ne ɗan kunshin furen nan kore mai kama da ƙaramin abarba, in ka tsaga shi da farce za ka ga wani gari rawaya mai danƙo a gindin ganyayyakin, lupulin sunansa, ka murza a tafin hannu ka kai hanci, wallahi ƙamshin har cikin kai, ɗanyar ciyawa da ɓawon lemo da wani abu kaman ƙaro duk a haɗe, kuma kwana biyu kana wanke hannu bai fita ba. Wannan garin shi ne ɗaci kuma shi ne ƙamshi. In aka zuba shi tun farkon tafasa ya daɗe a wuta, ɗaci yake bayarwa ƙamshin ya gudu da tururi. In aka zuba a ƙarshe, ko ma bayan giyar ta huce tana cikin tanki, abin da Jamusawa ke ce wa Hopfenstopfen, ƙamshi yake bari. Riƙe wannan, don shi ne ya raba kwalaben nan uku.

Yadda muka yi a tebur ba wani abin wahala ba ne. Tambulan uku wankakku waɗanda ba maiƙo a jiki, don maiƙo ko sauran sabulu yana kashe kumfa nan take. Ruwa a gefe da busasshen burodi. Muka fara da mara ƙarfi muka hau sama, in ka fara da mai ƙarfin to harshenka ya mutu sauran duk ruwa za ka ji. Kuma ba mu sha su da sanyin ƙanƙara ba irin yadda muke so a gida, wai sai kwalba ta yi raɓa fari fat. Sanyi mai yawa rufe ƙamshi yake. Pils tana son wajen digiri 7, masu ƙarfin nan ka fitar da su daga firij ka bar su minti goma su kai 9 ko 10. Ka shinshina kafin ka kurɓa, ka haɗiye, sannan ka yi shiru ka ƙirga goma. Abin da ya rage a bakinka bayan goman nan shi ne hukuncin, ba kurɓin farko ba.

Pils muka fara. Asalin salon daga garin Pilsen ne a ƙasar Cek, 1842, kuma wanda ya fara dafa ta Bajamushe ne ɗan Bavariya, Josef Groll. Jamusawa suka ɗauka suka busar da ita, musamman can arewa wajen teku inda suke son ɗaci. Jever kashi 4.9 cikin ɗari ce, ruwanta kalar karan dawa busasshe, garai-garai kana ganin yatsanka ta bayan tambulan, kumfa fara sol. Ƙamshinta ba ya ihu, harawa ce da ɗan ganye. A baki kuwa siririya ce, zaƙi kusan babu, sai ɗaci mai tsabta ya zo ya tsaya a bayan harshe kaman na gauta, ya ɗan jima sannan ya tafi ya bar bakin a bushe kana son wani kurɓin. Yaron ya yamutsa fuska a na farko, a na uku ya ce Kawu ai wannan tana wanke baki. Haka ne, aikinta kenan. A ma'aunin ɗaci da ake kira IBU tana wajen 40, alhali Helles, laga mai haske ta Munik, wajen 20 take, ka ga ninki biyu.

Maibock kuma wata duniya ce. Sunan bock daga garin Einbeck ya fito, da giyarsu ta isa Munik bakin mutanen Bavariya ya lanƙwasa sunan ya koma kaman ein Bock, wato bunsuru, shi ya sa za ka ga hoton bunsuru a jikin kwalabe da yawa. A dokar Jamus ba a kiran giya bock sai abin da suke kira Stammwürze ya kai 16, wato yawan sukarin tsiro da ke cikin ruwan kafin yis ya fara ci. Giyar yau da kullum tsakanin 11 da 16 take, doppelbock kuma daga 18 zuwa sama, irin su Salvator da ake sha lokacin azumin Ista, amma waɗannan yawancinsu baƙaƙe ne masu zaƙi, ba su cikin maganarmu ta yau. Maibock ita ce bock ɗin bazara, ta fi sauran haske kuma ta fi su hop. Ta Einbecker 6.5 ce, ta Hofbräu 7.2. Da muka zuba, kalar zuma, kumfar ta fi kauri, ƙamshin ɓawon burodi da ya gasu da ɗan zuma. A baki tana da jiki, kana jin nauyinta a harshe, tsiro ne a gaba da garɗinsa, hop ɗin yana zuwa daga baya ne kawai ya tare zaƙin kar ya yi yawa. Mai daɗi ce ƙwarai, kuma hatsarinta kenan, don ba ta nuna ƙarfinta, tana sauka kaman Maltina mai ɗan ɗaci sai ka miƙe tsaye ka gane. In kana neman ƙamshin hop ne fa, ba za ka same shi sosai a nan ba, na tsiro ne gidan.

Sai ta ukun, wadda ta kawo mu. Waɗannan sababbi ne, ƙananan gidajen dafa giya ke yinsu, abin da ake kira kraf, kuma sunan bai tsaya wuri ɗaya ba, wani ya rubuta Hopfenbock, wani Imperial Pils, wani India Pale Lager. Tunanin dai ɗaya ne, a ɗauki ƙarfin bock, a ɗauki bushewar Pils, sannan a ɗura mata hop a sanyi irin yadda 'yan Amurka ke yi wa tasu. Ba ta saɓa wa dokar tsabtar giya ta 1516 ba, wadda aka kafa a Ingolstadt ta ce ruwa da sha'ir da hop kawai, don ba a zuba mata lemo ko wani ɗanɗano, duk daga furen yake. Ta wajenmu an rubuta a baya cewa da Mandarina Bavaria da Hallertau Blanc aka yi, irin da cibiyar binciken hop ta Hüll ta fitar a 2012, tare da Huell Melon, don su ma manoman Jamus su samu hop mai ƙamshin 'ya'yan itace ba sai an sayo daga Amurka ba. Kafin ma in gama zubawa ƙamshin ya cika kicin, kaman wani ya ɓare tanjarin a kusa, da ɗan wani abu na farin inabi a ƙarƙashi. Ruwan zinare ne mai ɗan hazo kaɗan, ba laifi ba ne wannan, hop ɗin sanyi ne ke kawo shi.

A nan nake so a tsaya, don wannan salon ya fi sauran biyun wahalar dacewa, kuma rabin waɗanda na sha ba su dace ba. Matsalar lissafi ce. Don ka kai 7.5 dole ka zuba tsiro da yawa, tsiro da yawa yana barin sauran sukari, sauran sukari in ya haɗu da ƙamshin lemo sai abin ya koma kaman sirop ɗin tari, kurɓi biyu ya gundure ka. Mai dafawa sai ya ce bari in ƙara hop ya kashe zaƙin, in ya wuce gona da iri kuma sai bauri ya shigo. Mu Hausawa mun huta da wannan don muna da kalmomi biyu, ɗaci daban bauri daban. Ɗaci shi ne na shuwaka da aka wanke da kyau, yana zuwa ya wuce ya bar daɗi a baya. Bauri shi ne na ɗanyar ayaba ko shayin da ya kwana da ganye, yana kama dasashi da gefen harshe ya ƙi saki. Laga mai hop in ta yi kyau ɗaci take da shi ko da ya kai IBU 50 ko 60, in ta lalace bauri. Na uku kuma barasar kanta, bai kamata ka ji ta tana ƙona maƙogwaro ko tana hawa hanci kaman man goge farce ba, ɗumi kaɗan a ƙirji shi ne iyaka, in ta wuce haka an yi gaggawar fitar da ita daga tanki ne ko yis ya sha zafi.

Ta ranar nan ta ci jarrabawa. Tanjarin a gaba, tsiro ya biyo siriri kaman biskit, ba ya danƙo a leɓe, ɗacin ya shigo da ƙarfi fiye da na Jever amma da muka ƙirga goma bakin ya bushe tas ba abin da ya maƙale, ɗumin kuma sai can ƙasa. Ni a wajena wannan shi ne ma'aunin gaba ɗaya, ta ƙare a bushe ko ba ta ƙare ba. Ƙamshi kowa zai iya samarwa in yana da kuɗin sayen hop, gwanintar tana ƙarshen kurɓi.

Sannan shekarunta, ko in ce watanninta. Ƙamshin hop ɗin sanyi ba ya jira, wata uku zuwa huɗu ya fara tafiya, musamman in kwalbar tana zaune a kanta cikin ɗumi. Na taɓa sayen wata a wani shago da tsada, ban duba kwanan wata ba, da na buɗe babu lemo babu komai sai warin jiƙaƙƙen kwali da zaƙi mai nauyi, abin ya ba ni haushi sosai don na san irin wahalar da aka sha kafin furen nan ya iso kwalba. Tun daga nan in ba a firij na gan ta ba, ko ba a rubuta ranar da aka ɗura ba kuma ranar ƙarewar ta matso, ba na ɗauka. Maibock ba ta da wannan damuwar sosai, tsiro yana jure ajiya. Pils kuma abokin gabanta haske ne, kwalba kore ba ta tare rana kaman mai ruwan ƙasa, in ta sha haske sai ta yi wani wari mai kama da na jaɓa, don haka ka ciro daga cikin kires ko daga bayan kanta, kar ka ɗauki wadda ke fuskantar taga. Sauran laifukan da za ka iya ji a kowace laga, ƙamshin man shanu ko na dafaffiyar masara mai yawa, duk alamar ba a gama aikin da kyau ba ne.

Wajen abinci na gwada su da namu ne ba da nasu ba. Tsire mai yaji sosai, Pils ce ko Maibock. Wannan mai ƙarfin da barkono ba sa shiri ko kaɗan, barasa da ɗaci suna rura zafin ne sai ka ji bakinka ya kama da wuta ka daina jin naman. Amma ka ba ta abu mai maiƙo mara yaji da yawa, balangu, gasasshiyar kaza, soyayyen kifi, sai ka ga ta yanke maiƙon kaman wuƙa. Maibock kuma da kilishi ta fi tafiya, zaƙin ƙuli-ƙulin da garɗin tsiron suna gane juna. Farfesu kam ka bar shi da Pils.

Maganar ƙarfi ba ta wasa ba ce, kuma ita na fi nanata wa yaron. Rabin lita na Pils mai 4.9 yana ɗauke da barasa zalla wajen mililita 25. Ƙaramar kwalba mai lita 0.33 ta 7.5 ita ma wajen 25 ɗin ce. Wato wannan 'yar kwalbar da kake rainawa daidai take da babban tambulan cike. In kuwa ka sha rabin lita na mai 7.5 ka doshi 38, kwalba ɗaya da rabi kenan a zama ɗaya. Dokar tuƙi a Jamus 0.5 cikin dubu ce na barasa a jini, amma wanda bai kai shekara 21 ba ko sabon direba da ke cikin shekarun gwaji sifili ne, kuma ɗalibi baƙo da ke zaune da takardar izini ba shi da abin wasa da 'yan sanda. Wannan giyar ta zama ce a gida, guda ɗaya, da abinci, ba ta kallon ƙwallo ba ce ana buɗe wata bayan wata.

Toh wacce za ka ɗauka? In yanzu ka zo kuma bakinka na Star ne, kar ka fara da mai tsadar, kuɗinka za ka ɓata don ɗacin zai rufe maka komai ba za ka ji abin da ka biya ba. Fara da Pils ta arewa sati biyu uku har harshenka ya daina gudun ɗaci, ga araha ga ta ko'ina. In kai mai son malt ne, ɗaci ba ya burge ka, kuma lokacin bazara ne, Maibock taka ce, sai dai ka kula da ita. In kuwa ka riga ka saba da Pils har ka fara jin tana maka kaɗan, kana son hanci ma ya samu rabonsa, toh nan ne sabuwar take da ma'ana, da sharaɗin sabuwa ce, daga firij, ƙaramar kwalba, kuma an rubuta sunan hop ɗin a jiki, don mai dafawar da ya rubuta sunan hop ɗinsa yawanci ya damu da abin da yake yi. Ni kaina in za a ce in zaɓi guda ta kullum Pils zan riƙe, amma wadda nake tunawa bayan sati ita ce mai tanjarin ɗin nan.

Ga 'yan uwa da ba sa sha kuma, ku lura da wannan don na ga mutane sun shiga damuwa a kai. A Jamus kalmar alkoholfrei ba ta nufin babu barasa kwata-kwata, ana yarda a rubuta haka in bai wuce kashi 0.5 ba. Wadda babu ita ce aka rubuta 0,0 ƙarara a gaba. In malt irin namu na gida kake nema, Malztrunk za ka tambaya, irin su Vitamalz da Karamalz, su ma ka juya kwalbar ka karanta bayanta kafin ka biya. Kuma yawanci a jere ɗaya ake ajiye su da giya, kwalaben sun yi kama, kar ka aiki yaro ya ɗauko da ido kawai.

Shi ɗan yayar tawa da muka gama na tambaye shi, ya ɗaga tambulan na ukun ya sake shinshinawa ya ce wannan ta fi ƙamshi nesa ba kusa ba amma Kawu ba zan iya gama ta ni kaɗai ba. Muka raba abin da ya rage gida biyu. Da zai tafi ya kwashe kwalaben ya sa a jaka don ya mayar shago ya karɓi kuɗin ajiyarsu, santi takwas-takwas, ya ce ranar Asabar mai zuwa Jever zai saya tukun.